Asuwaki Da Man Ƙarfafa Haƙori

Darasinmu na yau a kan haƙori ne. Za mu karanta yadda a ka gina shi, da abin da ke cinye shi, da wani abu da za mu ƙara a kan asuwakinmu don haƙoranmu su yi ƙarfi. Za mu kuma ji abin da mutanen da suka fara aiki da abin nan su ke faɗi, daɗinsa da wuyarsa. A karanta a hankali. In an gamu da baƙuwar kalma, a tsaya a tambayi malamin aji.

1. AMFANIN HAƘORI

Hausawa sun ce, lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Mu mutanen Kwatarkwashi da ƙauyukan gindin dutse galibinmu manoma ne. Manomi ba shi da ƙarfi sai ya ci ya ƙoshi. Ba ya kuwa cin abinci ya ji daɗi sai da haƙori.

Ciwon haƙori ba ya zaɓen lokaci. Ya kan zo ana tsakiyar noma, ko ana tsakiyar girbi. Mutum ya kwana yana juyi, kunci ya kumbura. Gari ya waye ba ya iya sunkuyawa da fartanya. Ciyawa ta ci gona. Bayan wannan ga kuɗin mota zuwa Gusau, ga kuɗin magani, ga kuɗin cirewa. Haƙorin babba kuwa in an cire shi ya tafi ke nan, sai giɓi.

Yaro yana da haƙora 20. Su kan fara fitowa yana da kamar wata 6, su cika kafin ya shekara 3. Daga wajen shekara 6 sai ya fara famfara, har zuwa wajen shekara 12. Babban mutum yana da haƙora 32 in sun cika.

Ga wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba. Sa'ad da yaro ya kai shekara 6, turame huɗu su kan fito masa can ƙurya, biyu sama, biyu ƙasa. Babu haƙorin da ke faɗuwa kafin su fito. Saboda haka a kan zaci na yarinta ne, a ce ai za su zube. Alhali kuwa na girma ne, da su zai yi tauna har tsufa. A lura da su ƙwarai.

2. YADDA A KA GINA HAƘORI

Haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne farin ɓawon nan da mu ke gani. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum, ya fi ƙashi ma. A ƙarƙashinsa akwai hawa na biyu, mai ɗan ruwan ɗorawa, wanda bai kai ɓawon tauri ba. Can ciki kuma akwai jijiya da hanyoyin jini. Haƙori yana da saiwa kamar itace. Saiwar tana kafe cikin ƙashin muƙamuƙi, dasashi ya rufe ta.

Ɓawon ba shi da jijiya. Don haka in ɓarna ta fara a kansa ba mu jin kome. Sai ta ratsa ta kai hawa na biyu, sa'an nan mu fara jin zugi in mun sha ruwan sanyi ko mun ci zaƙi. In ta kai jijiya, to, barci ya ƙare.

3. ABIN DA KE CINYE HAƘORI

Da yawa cikinmu mun tashi muna jin ana cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Har a kan ga masu magani a kasuwa suna turara wa mutane baki, su nuna musu waɗansu 'yan fararen abubuwa su ce ga tsutsar ta fito. Likitoci sun duba haƙora masu rami ba iyaka da madubin da ke ƙara girman abu. Ba su taɓa samun tsutsa ba.

Abin da suka samu shi ne ƙwayoyin cuta, ƙanana ainun, waɗanda ido ba ya gani. Suna zaune cikin dauɗar nan mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙora. Kowa ya kankara haƙorinsa da farce da safe zai gan ta. Abincin ƙwayoyin nan zaƙi ne. In mun ci zaƙi su ma sun samu. In sun ci kuwa sai su fid da wani ruwa mai tsami. Tsamin nan shi ke narka ɓawon haƙori kaɗan kaɗan.

Mu ɗauki misali da katangar ƙasa. Kowace damina ruwa ya kan zaizaye ta. Mai gida in yana da himma, sai ya yi mata yaɓe da rani, ta koma yadda ta ke. In ya yi sakaci shekara da shekaru, wata rana sai ta rushe.

Haka haƙori ya ke. Duk sa'ad da mu ka ci zaƙi, tsami ya kan yi kamar rabin awa ko fiye yana zaizayar ɓawo. Bayan haka sai miyau ya wanke tsamin, ya mayar wa ɓawon abin da ya rasa. Watau miyau shi ne mai yaɓe. Amma in mutum ya wuni yana tsotsar minti, yana kurɓar shayi mai sukari, zaizaya ta fi yaɓe yawa. Da dare kuma in muna barci miyau ya kan ragu ƙwarai. Wanda ya kwanta da zaƙi a baki ya bar katangarsa cikin ruwa babu mai gyara.

Alamar farko ita ce ɗan farin tabo kamar alli kusa da dasashi. A wannan lokaci ana iya gyarawa. In an ƙyale shi sai ya yi duhu, daga nan sai rami.

Wannan cuta ba tamu ba ce mu kaɗai. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafi cewa kusan mutum biliyan 3 da rabi ke fama da cututtukan baki. Kimanin biliyan 2 daga cikinsu suna da ruɓar haƙoran girma wadda ba a yi wa magani ba.

4. ASUWAKI GADONMU NE

Tun kaka da kakanni muna yin asuwaki. Malamanmu sun karantar da mu cewa sunna ce mai ƙarfi. Muna samunsa a jikin marke da ƙirya da dogon yaro da waɗansunsu, ba ko sisi. In an tauna kansa ya yi laushi, aka bi haƙora ɗaya ɗaya ciki da waje, yana fid da dauɗa sosai. Kada kowa ya ce mana mu yar da shi.

Amma mu tuna da abincin kakanninmu. Tuwo ne da fura da nono da kunu. Zaƙinsu sai rake in lokacinsa ya yi, sai zuma, sai mazarƙwaila ko nakiya ran biki. Mu kuwa yanzu sukari ya shiga ko'ina. Yana cikin shayi, yana cikin koko, yana cikin fura. Ga lemun kwalba, ga biskit, ga alewa a kowane tebur. Yaro ya samu 'yan kuɗi, can zai nufa. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin babban mutum ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Kowa ya ƙidaya nasa ya gani.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Asuwaki shara ya ke yi. Haƙoran zamanin sukari kuwa suna bukatar shara, suna kuma bukatar ƙarin yaɓe. Wannan ƙarin shi ne man goge baki mai fuloraid, wanda mu kan kira makilin.

5. LABARIN FULORAID

Fuloraid wani irin gishirin ƙasa ne. Akwai shi cikin duwatsu, da ruwan rijiya, da ganyen shayi, wani wuri kaɗan, wani wuri da yawa.

Ga yadda a ka gane amfaninsa. A shekarar 1901 wani likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya sauka a yankin Kolorado ta ƙasar Amurka. Ya tarar haƙoran mutanen wurin da yawa suna da tabo mai ruwan ƙasa. Ya kuma lura haƙoran nan masu tabo ba su cika ruɓewa ba. Ya yi shekaru yana neman dalili. Sai a 1931 a ka gane fuloraid ne ya yi yawa cikin ruwan shansu.

Daga nan wani likita mai suna Trendley Dean ya bi garuruwa yana gwada ruwa, yana duba bakin yara. Ya gane in fuloraid ya kai kamar kashi 1 cikin miliyan na ruwa, ruɓa ta kan ragu, tabo kuma bai cika fitowa ba. A 1945 garin Grand Rapids ya zama na farko da ya zuba shi da awo cikin ruwan famfo. Bayan shekara 11 a ka duba yaran da a ka haifa tun daga lokacin, a ka tarar ruɓa ta ragu da fiye da rabi. Wajen 1955 kuma a ka fara sayar da man goge baki mai fuloraid a ƙasar.

Aikinsa biyu ne. Yana taimakon miyau wajen mayar wa ɓawo abin da tsami ya narkar. Sabon yaɓen da a ka yi da shi kuma ya fi na da jure tsami. A 2003 masana suka tara gwaje-gwaje masu yawa da a ka yi a kan yara. Suka ga masu goge baki da man fuloraid ruɓarsu ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, in an gwada da masu gogewa da man da babu shi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man nan cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada wa jama'arta.

6. MU KARANTA KWALI KAFIN MU SAYA

A nan karatunmu zai yi mana rana. Ba kowane mai ne ke da fuloraid ba, ko da kwalinsa ya yi kyau. In mun je saye, ko a nan gida, ko a kasuwar Tsafe, ko Bunguɗu, ko Gusau, mu juya kwalin mu nemi abu huɗu.

Na ɗaya, kalmar Fluoride. Da Turanci a ke rubuta ta. A rubuta ta a allo, kowa ya kwafa har idonsa ya saba da ita.

Na biyu, lambar ƙarfinsa. Za mu ga an rubuta kamar 1000 ppm ko 1450 ppm. Daga 1000 zuwa 1500 shi ne daidai. Abin da ya kasa 1000 ƙarfinsa kaɗan ne.

Na uku, lambar NAFDAC, watau hukumar da a ka kafa a 1993 don lura da abinci da magunguna a Nijeriya.

Na huɗu, ranar lalacewa. A kan rubuta EXP, sa'an nan wata da shekara. In ranar ta wuce, a mayar wa mai kanti abinsa.

Wanda bai iya karatu ba launin kwali ya ke saye. Mu kuwa yanzu mun wuce nan.

7. YADDA A KE AIKI DA SHI

A goge baki da man sau 2 kowace rana. Sau ɗaya da dare, bayan an gama ci da sha duka. Sau ɗaya kuma da safe. Na dare shi ne babba, kada ya wuce mu.

Babba da yaron da ya haura shekara 3 su ɗiga kamar ƙwayar wake. Yaron da bai kai shekara 3 ba a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, tun daga ranar da haƙorin farko ya fito.

A nemi buroshi mai laushi. Wanda ba shi da buroshi ya tauna asuwakinsa ya yi laushi, ya ɗiga man a kai. A bi haƙora waje da ciki da wurin tauna, a kuma bi inda haƙori ya gamu da dasashi. A yi kamar minti 2. Ba da ƙarfi a ke yi ba, ba tukunya a ke kankarewa ba.

In an gama a tofar da kumfa, amma kada a kurkure da ruwa. Wannan shi ne abin da ya fi yi mana wuya, don mun saba da kurkura. Ɗan abin da ya rage a baki shi ke kwana yana yaɓe. Wanda ya kurkure ya wanke maganin da ya saya da kuɗinsa.

Da rana kuwa, lokacin alwala da bayan cin abinci, asuwaki na nan a wurinsa.

Kowa da buroshinsa, ba a aro. In gashinsa ya baje, ko ya yi kamar wata 3, a sake wani. Yara kuma babba ya tsaya a kansu har su kai kamar shekara 7.

8. ABIN DA MASU AIKI DA SHI SU KE FAƊI

Likitocin haƙori da malaman asibiti sun saba jin maganganu iri iri daga waɗanda suka fara aiki da man nan. Za mu kawo su ɗaya ɗaya, don kada waninmu ya gamu da su ya karaya.

Masu jin yaji. Wanda ya saba da asuwaki ya kan ce man yana da yaji, ko sanyi, ko kumfarsa na tayar masa da zuciya. Galibi ya cika man ne da yawa. In ya rage zuwa ƙwayar wake, cikin 'yan kwanaki baki ya kan saba. In wani iri ya ƙi shi, ko yana sa masa gyambon baki, ya gwada wani.

Masu ganin jini. Waɗansu in sun tofa sai su ga jini, su tsorata, su ce buroshi ya yanke su, su daina. Mafi yawa ba yanka ba ne. Dauɗa ce ta daɗe a gindin haƙora har dasashi ya kumbura, abu kaɗan ya taɓa shi sai jini. Maganinsa a ci gaba da gogewa a hankali. Masu haƙuri su kan ga jinin ya ɗauke cikin mako ɗaya ko biyu. In ya wuce haka bai tsaya ba, a je asibiti.

Masu jin zugi da ruwan sanyi. Akwai wanda ba ya iya kurɓar ruwan randa da hunturu sai ya dafe kunci. Irin waɗannan da yawa su kan ce sun ji sauƙi bayan 'yan makonni, musamman in sun bar kurkura. Akwai kuma man da a ka yi musamman don wannan. Amma in haƙori guda ne tak ke zugi, a kai shi a duba, mai yiwuwa rami ne.

Masu rami. Wani ya kan ce ya yi wata guda yana gogewa, ramin bai toshe ba, ashe maganin ƙarya ne. A nan sai mu faɗi gaskiya. Man nan yana gyara farin tabon farko, yana kuma tsare sauran haƙora. Amma ba ya cike ramin da ya riga ya buɗe. Yaɓe ba ya ta da katangar da ta faɗi, sai magini. Rami sai likita ya share ya cike shi. In an je da wuri a kan ceci haƙorin. In an daɗe sai cirewa. Kanumfari ya kan kwantar da zugi na ɗan lokaci, amma ɓarna tana nan tana ci.

Masu goro da taba. Su kan ce haƙoransu ba su yi fari ba. Fuloraid ƙarfi ya ke ƙarawa, ba rini ya ke cirewa ba. Jan goro da na fure da baƙin taba in sun kama, sai a asibiti a ke kankare su. Kada a dirje haƙori da yashi ko garin gawayi ko toka don neman fari. Suna cinye ɓawo, ɓawo kuwa in ya ƙare ba ya dawowa.

Masu warin baki. Waɗannan su suka fi saurin yabo. Da yawa su kan ce cikin 'yan kwanaki sun ji bakinsu wasai da safe, har iyali sun lura. A riƙa goge bayan harshe ma, don can dauɗa ke kwanciya.

Masu kukan kuɗi. Mai gida mai 'ya'ya da yawa ya kan ce abin ya fi ƙarfinsa. Gaskiya ne kuɗi ba su da sauƙi. Amma mu duba. A hoton talla a kan cika buroshi da mai daga kai har gindi. Wannan dabarar masu sayarwa ce. In kowa ya tsaya a ƙwayar wake, guda ɗaya ya kan daɗe a gida. Akwai kuma ƙananan na leda masu araha. Sa'an nan a gwada kuɗinsa da kuɗin mota da na cirewa da kwanakin da gona za ta yi babu mai ita. Rigakafi ya fi magani.

Masu azumi. A kan tambaya yaya za a yi da watan Ramalana. Abin mai sauƙi ne. A goge da man kafin a kwanta, a kuma goge bayan sahur tun alfijir bai keto ba. Sau 2 ya cika ke nan. Da rana sai busasshen asuwaki, wanda malamanmu na Malikiyya suka halatta wa mai azumi. Mai sauran tambaya ya je wurin malaminsa.

Mata masu ciki. Dasashinsu ya kan yi saurin kumbura da jini. Waɗansu su kan ji tsoron man, su bari. Ba ya cutar ciki, tun da tofarwa a ke yi. In mace ta yi amai ta kurkure da ruwa, ta dakata kamar awa guda kafin ta goge, don amai yana da tsami.

Tsofaffi. Dattijo ya kan ce shi da ya rage masa haƙora goma me zai tsare. To, goman nan su ke tauna masa nama. Da tsufa dasashi ya kan ja da baya, saiwa ta fito fili, ita kuwa ba ta da ɓawo mai tauri. Miyau ma ya kan ragu, musamman ga masu shan waɗansu magunguna kullum. Don haka tsoho ya fi kowa bukata.

Masu cewa ba su ga kome ba. Waɗannan su suka fi yawa, su ne kuma suka fi saurin bari. Mutum ya yi wata uku yana gogewa, ya duba madubi, ya ga haƙoransa yadda su ke. To, ai abin da a ke nema ke nan. Wanda ya ɗora rumbunsa a kan duwatsu don gara, in ya buɗe da bazara ya tarar da hatsinsa lafiya, ba ya cewa wahalar banza ya yi. Ribar man nan ita ce ciwon da bai zo ba. Ba a ganinta a mako, sai a shekaru. Sannu ba ta hana zuwa.

9. KOME YA YI YAWA YA ƁACI

Gishiri ke gyara miya, shi ke ɓata ta. Haka fuloraid. In yaro ya yi ta haɗiyarsa da yawa sa'ad da haƙoransa na girma ke ginuwa cikin dasashi, watau kafin ya kai kamar shekara 8, su kan fito da tabo fari ko mai ruwan ƙasa. Shi ya sa mu ka ce a auna wa yara, a koya musu tofarwa, a kuma ajiye man inda hannunsu ba ya kai. Yana da zaƙi, yaro zai iya shanye shi kamar alewa.

Akwai wuraren da fuloraid ya yi yawa cikin ruwan ƙasa. An san haka a Langtang ta Jihar Filato, da Kaltungo ta Jihar Gombe, inda a kan ga mutane da haƙora masu tabo. A Tibiri kusa da Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar, abin ya fi muni. Wajen ƙarshen shekarun 1990 a ka gane ruwan rijiyar burtsatsen garin yana da fuloraid fiye da kima, bayan yara masu yawa sun sami tabon haƙora, waɗansu har ƙasusuwansu sun lanƙwashe. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha ita ce kashi 1 da rabi cikin miliyan.

Wannan ɓarna daga ruwan da a ke sha kullum ta ke zuwa. Ɗan man da a ke gogawa a tofar bai kai nan ba. Amma in mun ga yaran wata unguwa da yawa haƙoransu na fitowa da tabo, mu gaya wa mai unguwa da malamin tsabta a gwada ruwan rijiyar.

10. LOKACIN ZUWA ASIBITI

Kada a tsaya gida in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: rami a haƙori, zugin da ke hana barci, kumburin kunci, musamman in da zazzaɓi, haƙorin babba yana girgiɗi, gyambon baki da ya wuce mako 2 bai warke ba. A fara da asibitin da ke kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mu wurin likitan haƙori a Gusau. Kada a kai baki wurin mai cire haƙori a kasuwa.

Akwai kuma wata mugunyar cuta ta ƙananan yara da a ke kira noma, mai zaizayar baki. Ba ta da dangantaka da noman gona, suna ne ya zo ɗaya. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda ba su samun isasshen abinci, ko suka tashi daga ƙyanda. Ta kan fara da kumburin dasashi da jini da wari mai tsanani, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci. In an kai yaro da wuri magani na tsai da ita. A Sakkwato akwai asibiti musamman domin ta tun 1999. Uwar da ke goge wa ɗanta baki kowane dare ita za ta fara ganin alamar.

11. ABIN DA ZA MU RIƘE

Mu riƙe asuwakinmu. Mu ƙara man fuloraid safe da dare. Mu tofar, kada mu kurkure. Mu rage yawan cin zaƙi tsakanin abinci da abinci. In rami ya buɗe mu kai wa likita. Wanda ya ji wannan darasi ya kai shi gida, ya karanta wa iyalinsa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.

TAMBAYOYI

1. Haƙora nawa yaro ke da su? Babba fa?
2. Waɗanne haƙora ke fitowa a shekara 6 ba tare da famfara ba?
3. Mene ne ke narka ɓawon haƙori?
4. Don me gogewar dare ta fi ta safe muhimmanci?
5. Faɗi abu huɗu da za mu nema a jikin kwali.
6. Don me ba a kurkure baki bayan an goge da man?
7. Wani ya ce ya ga jini, zai daina gogewa. Me za mu gaya masa?
8. Man fuloraid yana cike rami? Ba da dalili.

LISSAFI

Mutum yana goge baki sau 2 a rana. Sau nawa zai goge cikin kwana 30?

Mutum yana shan shayi sau 3 a rana, kowane kofi da sukari cokali 4. Cokali nawa ke nan a yini? Cokali nawa cikin mako guda?

AIKIN RUBUTU

Kowa ya rubuta wannan sau uku cikin littafinsa: Asuwaki da rana, mai da dare, haƙori ya daɗe.

Ran aji mai zuwa, duk wanda ke da kwalin man goge baki a gida ya zo da shi, mu karanta tare.